Dutsen da Ya Ƙi Zuwa

Shekara talatin da bakwai Shaho ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a shagonsa, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. "Ɗago haɓa. Rufe baki. Kada ka ƙifta." Da waɗannan kalmomi ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya uku, ya kai Auta har ƙarshen karatu. Amma ka kuskura ka tambaye shi sana'arsa, ba waɗannan fuskoki masu kama da na waɗanda aka kama da laifi zai nuna maka ba. Bayan labule zai ja ka, inda ya jera hotunan duwatsu da tafki da gajimare, ya tsare ka da bayani har ka manta abin da ya kawo ka.

Maƙwabtan shago ne suka sa masa Shaho, saboda ido. Mutum ne da zai hango ka daga ƙarshen layi ya gaya maka maɓallin rigarka na uku ya kusa tsinkewa. Shi kuwa sunan ya yi masa daɗi, duk da yakan nuna kamar bai damu ba.

Hotunan duwatsun nan da tsofaffin gilasan kyamara guda uku yake ɗaukarsu, na ƙarfe da tagulla, masu nauyi a hannu. Dukkansu sun girmi Auta, ɗaya ma ya girmi aurensa. Ba irin na yanzu ba ne da za ka danna su nemo saiti da kansu. Su sai ka kama wuyansu ka murɗa a hankali, kana leƙe, har abin da kake nema ya fito tar. Da fim ya yi wuyar samu ya sayi kyamara ta zamani, amma ya ce gilasansa kam mutuwa ce za ta raba su. Tunda bakinsu bai dace da na sabuwar ba, sai ya samo wani baƙin zobe da ake ce wa adafta, yana haɗa su. Zobe ne kawai, babu gilashi a cikinsa, yatsa uku ma sai su wuce.

Akwai wani tudu a bakin tafki, tafiyar awa ɗaya a babur. Daga kansa ana hango wani dutse can ƙetaren ruwa, da dogon ƙarfen rediyo a bisansa, igiyoyin waya uku sun ɗaure shi. Da ido zalla babu mai ganin igiyoyin nan, ko Shaho. Amma in ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya murɗa wuyan gilashi ya nufi alamar nan mai kama da takwas kwance, wadda take nufin iyakar nesa, to saura kaurin farce ya kai ƙarshe sai igiyoyin su bayyana siri-siri kamar gashi. A nan yake cewa, "Dutse ya zo." Sannan ya ɗauka.

Duk damina ba ya zuwa, don hanyar takan zama taɓo. Gilasan suna zaune a kabad mai ƙofar gilashi kusa da tagar falo, inda haske ke samunsu, saboda fumfuna duhu da laima take so. Asabar ta farko bayan ruwa ya ɗauke ya fita tun da sassafe, zuciyarsa fes. Da zai ɗaura gilashi ya ji zoben ya kama da ɗan tauri fiye da yadda ya saba, ya ce ai laima ce. Iska ta wanku, tafki ya cika har ya taɓa bishiyoyi. Ya sa ido a 'yar tagar leƙe, ya fara murɗawa.

Dutsen ya taso, ya taso, sai wuyan gilashin ya tsaya cak. Ya kai ƙarshe. Ƙarfen rediyon yana nan dishi-dishi, babu igiya ko ɗaya.

Ya dawo baya, abin ya ƙara dagulewa. Ya goge tabarau da gefen riga, ya sake. Ya cire wannan gilashin ya sa na biyu, haka. Ya sa na uku, dogon, wanda bai taɓa ba shi kunya ba, haka. Gilashi ɗaya yana iya lalacewa. Uku a rana ɗaya, waɗanda shi da hannunsa yake kula da su? Ya zauna a kan dutse, ya ce a ransa, to, ta iso.

Mahaifinsa yana da shekara sittin da biyu ya makance. Nesa ce ta fara tafiya: ya daina gane masu gaishe shi daga tsallaken titi, sannan ya daina gane na bakin ƙofa, daga ƙarshe har fuskar da ke miƙo masa ruwa. Shaho yanzu yana da sittin da ɗaya da 'yan watanni. Shekara da shekaru yana lissafin nan a ɓoye, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ya ɗaga kai ya dubi dutsen da ido zalla, ya rantse wa kansa bara ya fi haka fitowa. Ya koma gida a hankali, yana bin gefen titi kamar mai koyon tuƙi.

Ya sake zuwa Asabar biyu a jere, ko Allah zai sa. Dutsen bai zo ba. Daga nan ya jingine babur a lungu ya ce inji ne yake ƙara.

A shago aiki bai canza ba, fuskar da ke taku uku daga gare shi tana fitowa har ƙurajenta. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, saboda mahaifinsa ma haka ya yi ta zura zare a allura wata shida bayan ya daina ganin titi. Likita kuwa ko hanyar bai bi ba. Ya ce me zai je ya jiyo, ranar da za a kashe fitila? Taurin kai dai, wanda duk zuri'arsu babu wanda bai gada ba.

Abin da ya fi cin ransa shi ne matarsa, Maman Auta. Mace ce mai baki, shekara arba'in suna sa-in-sa a kan komai, daga gishiri har zuwa wanda ya bar famfo a buɗe. Amma tun tsakiyar damina ta yi laushi. Shayi yana zuwa kafin ya nema. Ya baje tarkacensa a kan tirenta mai kyau, ba ta ce uffan ba. In ya shigo sai ta dubi fuskarsa da sauri ta kawar da kai. Da can bai kula ba, yanzu ya haɗa lissafi: ashe ta riga shi ganewa. Ita ce fa ta yi jinyar mahaifinsa tana amarya, ta san alamun. Ita ba ta tambaya ba, shi bai faɗa ba, gida ya yi tsit kamar an yi baƙon kunya.

Da la'asar, in ta fita gidan maƙwabta, sai ya rufe ido ya fara koyo. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki taku biyar. Daga nan zuwa kujerarsa bakwai, amma sai ka kauce wa ƙaramin teburin da ke tsakiyar falo. Teburin nan! A kansa take ajiye kwandon ɗinkinta, kuma shekara talatin yana cewa a matsar da shi tana cewa nan haske yake. Ƙwaurinsa ya san kowace kusurwa tasa tun yana da ido biyu lafiyayyu. Sau uku ya buge shi a makon farko na koyon.

Wata ranar Laraba ya dawo daga shago ya tarar teburin yana jikin bango. Gefen darduma da ya saba naɗewa an danne shi da ƙusa. Bokitin da ke zama a hanyar banɗaki ya ɓace. Ya tsaya a tsakiyar falon da ya yi fili. Daga kicin ta ce, "Malam, ka dawo? Ga ruwa nan." Muryarta a shaƙe take. Ya ce ya gode, ya shige ɗaki.

A daren ranar bai yi wata shawara ba, da safe ya yi ta. Ya kira Auta a waya ya ce ranar Juma'a in ta taso aiki ta biyo.

Auta a ɗakin gwajin jini take aiki a wani asibiti, wuni take tana leƙen na'urar da ke girmama ƙwayoyin cuta. Cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce ba ta gudu in ya fara bayanin hoto. Ta zo ta same shi ya shimfiɗa farin tawul a kan tire mai baki, ya jera ƙananan sukundireba, hantsaki, auduga, 'yar robar hura iska da gwangwanin giris.

"Zauna ki gani," ya ce. "Yau ke za ki riƙe."

"Baba, yau kuma? Kai da ko ƙura ba ka bari a hure musu?"

"Zauna dai."

Ya nuna mata yadda ake kwance sukurori masu girman ƙwayar riɗi, kowanne a ajiye shi a jere yadda ya fito. Ya nuna mata inda wuyan yake hawa a kan tsagi irin na jikin sukuru, mai bakin shiga da yawa, ya ce nan ne ake kuka. "Kafin ki raba su, ki tsaya daidai inda za su saki juna ki yi alama da tsinin allura, sama da ƙasa. In kika manta, kika mayar ta wani bakin, gilashi zai rufu lafiya lau, amma nesa ta tafi ke nan." Suka wanke tsohon giris da ya daskare, ya sa ta ɗebi sabo daidai ƙwayar shinkafa ta shafa da ɗan buroshi. "Kada ki yi masa kyauta. In ya yi yawa, zafi ya narkar da shi, sai ya gangara kan ganyayyakin da ke tsuke haske su manne." Ya ɗaga kowane gilashi ya haska shi da tocila ta baya, yana neman zaren fumfuna mai kama da saƙar gizo. Babu ko ɗaya. Tas suke, kuma wannan ya ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Auta ta ga yadda ya tsinci sukurun da ya faɗa cikin zaren tawul tun kafin ita ta gan shi, ta yi dariya. "Shaho dai Shaho ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe ki zo da motarki da wuri. Za mu je tudu."

Maman Auta tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu tun ɗazu. Da ya ɗago ta juya ta koma ciki.

Rana ba ta yi zafi ba suka isa. Ya kafa ƙafa uku, ya ɗaura dogon gilashin, ya nufi dutsen, amma bai leƙa ba. Ya tsaya yana shafa wuyan gilashin da babban yatsa, sannan ya faɗa mata, a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani. Idonsa ya fara tafiya irin na kakanta. Wata biyu ke nan. Gilasan nan nata ne daga yau, abin da ya rage ya koya mata neman nesa tun yana iya nuna mata inda dutsen yake.

Sai hawaye suka zubo wa Auta. Daga baya faɗa ya biyo, don ɗiyar uwarta ce. "Wata biyu, Baba? Wata biyu, ina aiki a asibiti, likitan ido yana hawa na biyu a samanmu, muna gaisawa kullum? Haba Baba! Wannan wane irin abu ne?"

"Faɗan ya jira. Haske zai wuce. Sa idonki nan."

Ta share fuska da bayan hannu ta sunkuya.

"Kin ga ƙarfen da ke kan dutsen? Murɗa hagu a hankali. Kafin ki kai takwas kwance igiyoyi uku za su fito. In sun fito ki tsaya."

Ta murɗa. Ya juya baya yana kallon ruwa, don ba ya son ganin fuskarta a lokacin da za ta ga abin da shi ya rasa.

"Baba, ya tsaya."

"To ƙirga su."

"Me zan ƙirga? Babu igiya. Ƙarfen ma kamar an shafa masa mai."

Ya juyo da sauri har ya kusa tuntuɓe da ƙafar kyamara. "Sake dai!" Ta sake. Babu. Hankalinsa ya tashi fiye da na ranar farko, ya kama kafaɗarta yana leƙa ƙwayar idonta. "Innalillahi! Ke ma? Ke da ko talatin ba ki kai ba?"

"Baba, sake ni. Watan jiya aka gwada mana ido a wurin aiki, har layin ƙasa na karanta. Abin da nake ƙirgawa kullum ya fi igiyar nan ƙanƙanta sau dubu. Ba ni ɗayan."

Ta gwada na biyu. Ta gwada na uku. Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ko dai mu biyu duk mun makance a kan dutse ɗaya, ko kuma kayan nan naka ne ba su gani."

"Kayana lafiyarsu ƙalau, jiya da hannunki kika..." Bai ƙarasa ba. Ido huɗu, gilashi uku. Me ya rage a tsakani? Ya kwance gilashin ya miƙa mata, ya murɗe baƙin zoben daga jikin kyamara, ya juya shi a rana.

Shekara tara da suka wuce, ranar da ya sayo adaftarsa, ta zo da kauri. Ya tuna sarai. Ya kwance farantin bakinta, ya shimfiɗa takardar gurza mai laushi a kan gilashin taga, ya wuni yana zagaya ta yana gwadawa, har ya rage mata abin da bai fi kaurin takarda uku ba, sannan nesa ta samu. Tun daga ranar bayan farantin ya zama fari, tagulla tana leƙowa a gefe, kuma ya yi ɗan karce kusa da jan ɗigo don ya san tasa. Wannan da ke hannunsa baƙa ce wuluk. Babu karce, babu tagulla, ko gogewar shekara ɗaya babu a jikinta.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce.

Ya jefa zoben a aljihu. Ya karɓi dogon gilashin, ya riƙe shi da hannu a gaban bakin kyamara ba tare da komai a tsakani ba, ya ce wa Auta ta yafa mayafinta a kan ratar don kada haske ya shiga ta gefe. Ya sa ido. Ya matso da gilashin baya kaɗan, kaɗan, yana riƙe numfashi. Hoton yana rawa saboda hannu, dutsen yana lilo, sai ga shi ya taso gaba ɗaya, kowane tsagi da kowace bishiya.

"Ɗaya," ya ce. "Biyu. Uku." Muryarsa ta karye. "Akwai tsuntsu a kan ta tsakiya. Auta, akwai tsuntsu, yana gyara fiffike!"

Ya miƙa mata gilashin don kada ya yar, ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hula. Dattijo mai jikoki shida ya yi kuka har da shessheƙa, yana alhamdulillahi, yana dariya a ciki. Auta ta durƙusa kusa da shi tana yi tana share nata.

Da ya samu kansa ta ce, "Amma Baba, tsakani da Allah. Kai ka koya mini jiya cewa in gilashi ya kai takwas kwance, nesa dole ta fito ko waye ke leƙe. Ko makaho aka ba ya murɗa zuwa ƙarshe ai zai ɗauki dutsen nan. Wata biyu ba ka tuna ba?"

"Ke dai bari," ya ce yana fyace hanci. "Tsoro in ya shigo ta ƙofa, ilimi ta taga yake fita. Zobe ne fa babu komai a cikinsa. Wa zai tuhumi rami?"

"To wa ya canza shi?"

Suka dubi juna. Mutum biyu ne kawai ke kwana a gidan.

Sun tarar da Maman Auta a falo tana ɗinke bakin matashi, a gefen bango inda teburin ya koma, tana ƙanƙance ido saboda wurin babu haske. Shaho ya ajiye baƙin zoben a kan kwandon ɗinkinta. Ta dube shi, allurar ta tsaya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da gwangwanin biskit da take tara maɓallai, ta tona ƙasa ta fito da wani zoben. Ga tagulla tana leƙowa, ga karce kusa da jan ɗigo, ga kuma gefe ɗaya ya lotsa.

"Cikin damina ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ga ƙura a kabad ɗin na ce bari in goge. Na ɗauke shi daga jikin kyamarar yadda na ga kana yi, ya suɓuce ya daki siminti. Na kai shi layin masu kyamara, na zaga shago bakwai, na samo irinsa sak, har jan ɗigon. Mai shagon ya rantse mini uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da ka dawo daga tudu ka daina magana na ce shi ke nan, ya gane, fushi yake. Ina ta jiran ka fashe ka huta, ka ƙi." Ta haɗiye yawu. "Sai ranar da na dawo da wuri na gan ka ta taga, ido a rufe, hannu a gaba, bakinka yana ƙirga. Yadda mahaifinka ya riƙa yi, sak. Wallahi Malam, daga ranar ban sake tuna wani zobe ba. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ka ji ni. Yanzu kuma ga wannan, a kan abin da kake ciki. Ka yafe ni."

"Mama," Auta ta ce, "idon Baba lafiya lau. Zoben ne."

Sai da aka maimaita mata sau biyu, Shaho yana nuna kaurin takarda uku da yatsunsa. Ta dubi zoben, ta dubi mijinta. Ta zauna a hankali ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi hamdala ta fi a ƙirga. Sannan ta sauke hannun, kuma wanda ya san ta ya san me ke tafe.

"Wato saboda wannan abin da bai kai murfin kwalba ba na yi wata guda ba na cin abinci? Kai ba ka da baki ne? Ka ce mini, Maman Auta, ba na ganin dutse, ni kuma in ce maka ga abin da na yi, a gama a minti ɗaya! Sai ka zauna kana ƙirga mini taku a gida kamar mai auna fili!"

"Ke da kika yi wata uku da zobe a cikin maɓallai fa?"

"Ni tsoron bakinka nake!"

"Bakina? Ni? A gidan nan?"

Auta ta jingina da ƙofa tana dariya har tana riƙe ciki. Rabon gidan da irin wannan hayaniya tun tsakiyar damina, kuma Shaho ya ji ta a kunnensa kamar an buɗe tagogi. Da suka lafa, Auta ta yanke hukunci: zobe ko ba zobe ba, ranar Litinin ƙarfe takwas za ta zo ta ɗauke shi zuwa hawa na biyu, don ciwon kakanta in an tare shi da wuri ana riƙe shi. Ya buɗe baki zai yi musu, ya ga ido huɗu a kansa, ya ce to.

Da yammar ya kwance farantin sabon zoben, ya shimfiɗa takardar gurza a kan gilashi, ya zauna a bakin ƙofa yana zagayawa. Bayan kowane zagaye ashirin sai ya wanke, ya ɗaura, ya auna tankin ruwan da ke can ƙarshen unguwa. Maman Auta ta kawo shayi ta dire masa ba tare da lallashin kwanakin baya ba, ta ce ya kula kada baƙin garin nan ya taɓa mata tawul. Kafin rana ta faɗi rubutun jikin tankin ya fito, saura kaurin farce a kai takwas kwance.

Ranar Litinin likita ya ɗiga masa magani, ya haska, ya auna, ya sa shi karanta allo. Ya ce jijiyar ido lafiya take, babu alamar abin da ya kama mahaifinsa, tabarau na karatu ne kawai ke son canji, amma ya riƙa zuwa duk shekara ba sai an jawo shi ba. Shaho ya karɓi takardar kamar an ba shi shaidar kammala makaranta. Tun daga bakin ƙofar gida yake ɗaga ta yana kira, "Maman Auta! Fito ki ji abin da likita ya rubuta!" Ya shigo falo da sauri, idonsa a kan takarda, ya miƙe kai tsaye, a tunaninsa teburin yana nan jikin bango.

Ƙwas! Ƙwaurinsa ya haɗu da kusurwar tebur. Kwandon ɗinki ya yi tsalle, zare ya gangara ƙarƙashin kujera. Teburin yana tsakiyar falo, daidai inda ya shekara talatin.

Ya riƙe ƙafa yana tsalle da ɗaya, yana salati. Maman Auta ta leƙo daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya cika da ruwa amma bakinta yana motsin dariya.

"Da idonka, Malam," ta ce. "Ka riƙa duba gabanka."

Ya zauna a kujerarsa yana murza wurin, bai ce a matsar da teburin ba.